Rumbun BCH: manhajojin da ƙasa ke bi ta sanar da maƙwabta hukuncinta kan irin OGM

Waken da ake nomawa a Maraɗi da Damagaram yana cika rumfunan kasuwar Dawanau ta Kano, iri da taki kuma suna tsallakowa ta Jibiya, Maigatari da Illela zuwa kasuwannin Nijar. A shekarar 2019 Najeriya ta amince da noman waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta samar, aka sauya masa ƙwayoyin gado don ya jure tsutsar Maruca mai huda kwanson wake. Ghana ta ba irin wannan wake izini a 2022. Burkina Faso ta noma audugar Bt daga 2008, sannan ta dakatar a 2016 saboda gajartar zarenta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce ya shafi maƙwabta, tun da iri ba ya tsayawa a kan iyaka.

To, ta ina jami'in duwan, malamin gona ko ɗan jarida zai san ainihin abin da wata ƙasa ta amince da shi, da sharuɗɗan da ta gindaya? Wurin da dokar ƙasa da ƙasa ta tanada shi ne rumbun bayanai na BCH, wanda ake kira CEPRB da Faransanci (Centre d'échange pour la prévention des risques biotechnologiques). Wannan maƙala ta bayyana hanyoyi da manhajojin da ƙasa za ta iya bi ta zuba bayananta a ciki, da abin da kowace hanya ke buƙata.

Mene ne BCH?

An kafa shi ne a ƙarƙashin sashe na 20 na Yarjejeniyar Cartagena, wadda aka amince da ita a birnin Montreal na Kanada ran 29 ga Janairun 2000, ta fara aiki ran 11 ga Satumban 2003. Yarjejeniyar reshe ce ta babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare nau'o'in halittu, kuma ta shafi rayayyun halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado da fasahar zamani, waɗanda takardun Faransanci ke kira OVM, jama'a kuma suka fi sani da OGM. Ƙasashe fiye da 170 ne suka shiga. Mali ta shiga a 2002, Najeriya, Ghana, Kamaru da Burkina Faso a 2003, Nijar a 2004, Benin a 2005, Chadi kuma a 2006. Wasu manyan masu fitar da hatsi, irin su Amurka, Kanada da Ajantina, ba sa ciki, sai dai yarjejeniyar tana ƙarfafa musu gwiwa su ma su ba da bayanansu.

Sakatariyar da ke Montreal ce ke kula da babban dandalin, a adireshin bch.cbd.int. An fara gwajinsa a 2001, taron farko na ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Kuala Lumpur a 2004 kuma ya tsara ƙa'idojin aikinsa. Kowa na iya karanta abin da ke ciki kyauta, cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya: Larabci, Faransanci, Turanci, Sinanci, Rashanci da Sifaniyanci.

Abin da ya wajaba a shigar, da wa'adinsa

Yarjejeniyar ta lissafa bayanan da kowace ƙasa za ta saka: dokokinta da ƙa'idojinta, yarjejeniyoyin da ta ƙulla da wasu ƙasashe, taƙaitaccen sakamakon binciken haɗari da ta yi, hukuncin ƙarshe kan shigo da iri ko sakinsa, sunayen hukumomin da ke da alhaki, da rahoton ƙasa da ake bayarwa duk bayan shekara huɗu.

Wasu bayanan suna da wa'adi. Idan ƙasa ta yanke hukuncin ƙarshe kan wani nau'in OVM da zai iya tsallake iyaka a matsayin abinci, abincin dabbobi ko kayan sarrafawa, sashe na 11 ya ba ta kwana 15 ta sanar ta hanyar BCH. Idan wani ya nemi izinin shigo da iri don shukawa, sashe na 10 ya ba ƙasa kwana 270 ta ba da amsa a rubuce, ga mai nema da kuma rumbun. Idan ta canza hukuncin da ta riga ta yanke, kwana 30 gare ta. Idan kuwa iri ya tsallake iyaka ba da niyya ba, kuma zai iya yin illa, sashe na 17 ya ce a sanar da ƙasashen da abin ya shafa da kuma rumbun da zarar an sani.

Kamfani na iya neman a ɓoye wasu bayanan kasuwancinsa, amma sashe na 21 ya ware abubuwa huɗu da ba a ɓoyewa: suna da adireshin mai neman izini, bayanin halittar a dunƙule, taƙaitaccen binciken haɗari, da matakan gaggawa idan an samu matsala.

Wa ke da ikon wallafawa?

Kowace ƙasa tana naɗa jami'i guda a matsayin wakilinta na BCH, wanda ake kira "point focal" a ma'aikatun ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Shi kaɗai ne ke tantance bayanin ƙasa ya wallafa shi. Yana iya ba wasu ma'aikata izinin cike fom, misali a ma'aikatar noma, ta lafiya ko ta muhalli, amma abin da suka rubuta yana zama daftari har sai ya duba ya amince.

Akwai rukuni na biyu na bayanai da ba na gwamnati ba: rajistar nau'o'in OVM, rajistar ƙwayoyin gado, ɗakin karatu, jerin ƙungiyoyi da ɗakunan gwaji. Duk wanda ya yi rajista na iya gabatar da irin waɗannan, sakatariya ce ke tantance su.

Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen zaɓen manhaja. Duk hanyar da aka bi, ƙasa ba ta sauke nauyin da ke kanta ba sai bayanin ya bayyana a babban dandali. Dokar da aka liƙa a shafin ma'aikata kawai, maƙwabta ba za su same ta a binciken BCH ba.

Hanyoyi huɗu na farko

Daga 2004 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, PNUE, tare da asusun muhalli na FEM, suka gudanar da shirin horar da ƙasashe fiye da 100 kan amfani da rumbun. A lokacin an gabatar wa ƙasashe hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce shiga babban dandali kai tsaye a cike fom. Ba a sayen komai, ba a girka komai. Kwamfuta, intanet da kalmar sirri sun wadatar.

Ta biyu ita ce a cike bayanai a wata ƙaramar manhaja da ke cikin kwamfutar ofis, ba tare da intanet ba, sannan a aika wa sakatariya daga baya. An yi ta ne don ƙasashen da layinsu ke yawan yankewa.

Ta uku ita ce ƙasa ta ajiye bayananta a shafinta, cikin tsarin da aka amince da shi, babban dandali ya riƙa zuwa lokaci-lokaci yana kwasa.

Ta huɗu ita ce ƙasa ta gina nata rumbun, shi kuma ya riƙa tura bayanai da kansa zuwa Montreal ta wata ƙofar sadarwa tsakanin na'ura da na'ura, wadda a wancan zamani take aiki da ƙa'idojin SOAP da XML.

Hanya ta uku da ta huɗu suna buƙatar saba, wato babbar kwamfutar ajiya da ke aiki dare da rana, da masanin shirya manhaja, da kuɗin gyara duk shekara. Wasu ƙasashe, ciki har da Kanada, Suwizalan da Amurka, sun ba da manhajojin da suka ƙera kyauta ga masu so. Sai dai manhajar kyauta ba ta zuwa da wutar lantarki ko albashin mai kula da ita, kuma wannan ne ya sa aka koma neman abin da ya fi sauƙi.

Hermes da Ajax

Sakatariya ta fito da manhajoji biyu don ƙasashen da ke son shafinsu na ƙasa ba tare da ɗaukar nauyin rumbu ba.

A zamanin tsohon dandalin BCH, Hermes manhajar gina shafin intanet ce da ke zaune a sabar sakatariya. Ƙasa tana samun adireshinta, ta saka tutarta, labaranta, hotuna da bayani ga jama'a, ba tare da ta san shirya manhaja ba. Dokoki da hukunce-hukuncen da ta riga ta wallafa a babban dandali suna bayyana a shafin da kansu. Gyara, tsaro da adana kwafi duk suna wuyan Montreal.

Ajax kuwa, a wancan zamani, ɗan guntun rubutun JavaScript ne da ake sakawa cikin shafin da ƙasa take da shi tun farko, misali na ma'aikatar muhalli. Duk lokacin da wani ya buɗe shafin, rubutun yana ɗauko sababbin bayanai daga babban dandali ya nuna su kamar a nan aka ajiye su.

Dabarar da ke cikin manhajojin biyu ɗaya ce, kuma ita ce ta juya alkiblar aikin. Maimakon a ajiye bayani a gida a tura shi waje, sai a shigar da shi sau ɗaya a tsakiya, a nuna shi a gida. Ta haka ba a samun kwafi biyu masu saɓa wa juna, ɗaya a Montreal, ɗaya a babban birnin ƙasa.

Sabon dandali: API da Bioland

A ƙarshen 2021 sakatariya ta ƙaddamar da sabon dandalin BCH, a kan ginshiƙi ɗaya da rumbun Yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin albarkatun gado. An sabunta fom-fom, an sake tsarin bincike. Hermes da Ajax an ƙera su ne don tsohon dandali, saboda haka duk ma'aikatar da ta gaji shafi daga wancan zamani ya kamata ta duba ko abin da yake nunawa ya yi daidai da abin da ke bch.cbd.int a yau.

Ƙofar sadarwa ta yanzu ita ce API ta sakatariya. API hanya ce da manhaja ɗaya ke yi wa wata tambaya ta samu amsa cikin tsari, a nan cikin tsarin JSON. Mai shirya manhaja a Yamai ko N'Djamena na iya rubuta umarnin da ke cewa a kawo duk hukuncin da ƙasa kaza ta wallafa kan wake ko masara, sakamakon ya fito a shafin ma'aikata ko a manhajar wayar salula. Karanta bayanan da aka wallafa a buɗe yake, shigar da sabo kuwa sai da shaidar izini.

Bioland kuma kayan gina shafin ƙasa ne da sakatariya ke bayarwa kyauta, an ƙera shi a kan manhajar Drupal. Tun asali an yi shi ne don shafukan ƙasa na babbar yarjejeniyar nau'o'in halittu, daga baya ƙasashen Yarjejeniyar Cartagena suka nemi a duba yadda zai yi wa fannin OVM aiki. Kamar Hermes, yana ba da shafi shiryayye mai ɗaukar harsuna da yawa, yana kuma jawo bayanan ƙasa daga rumbunan sakatariya.

Ga inda intanet ke da rauni, akwai fom-fom ɗin a tsarin Word cikin harsuna shida. Ana sauke su, a raba wa ma'aikatu su cike a natse, sannan wakilin ƙasa ya kwafe su zuwa dandali idan layi ya samu. Akwai kuma dandalin atisaye, inda sabon ma'aikaci zai koyi cikewa ba tare da ya taɓa bayanan gaske ba.

Abin da ke sa na'urori su fahimci juna

Ko wace hanya aka bi, abubuwa uku ne ke sa bayanin da aka rubuta a Abuja ya yi amfani a Yamai.

Na farko shi ne fom na bai ɗaya. Kowane irin bayani yana da nasa, da gurabe iri ɗaya ga kowace ƙasa.

Na biyu shi ne jerin zaɓaɓɓun kalmomi. Maimakon ma'aikaci ya rubuta sunan amfanin gona yadda ya ga dama, yana zaɓa ne daga jerin da aka riga aka fassara. Don haka wanda ya nemi "niébé" da Faransanci zai iya samun bayanin da aka shigar da Turanci, tun da duka suna komawa ga suna ɗaya na kimiyya, Vigna unguiculata. Dogon bayanin da ƙasa ta rubuta da takardun da ta haɗa kuwa suna zama cikin harshen da aka shigar da su.

Na uku shi ne lambar shaida da ƙungiyar OCDE ta tsara a 2002. Kowane nau'in tsiro da aka sauya yana da lamba mai haruffa da alƙaluma tara: na farko suna nuna wanda ya ƙera, na tsakiya suna nuna nau'in sauyin, na ƙarshe kuma na tantancewa ne. Audugar Bollgard II lambarta MON-15985-7, waken da ke jure Maruca kuma AAT-7Ø9AA-4, inda Ø ke nufin sifili. Ana samun alƙalamin ƙarshe ta hanyar ba kowane harafi lambar matsayinsa a abacada, a tara da sauran alƙaluma. A misalin auduga, M 13 ne, O 15, N 14, jimilla 42. A ƙara 1, 5, 9, 8 da 5, a samu 70, sannan 7 da 0 su ba da 7. Idan lissafi bai fito ba, an yi kuskuren rubutu. Sunan kasuwa na canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, lambar ba ta canzawa, kuma da ita ake iya bin nau'i ɗaya a BCH, a rumbun BioTrack na OCDE, da dandalin FAO kan abincin OGM.

Wace hanya ta dace da wace ƙasa?

Tambaya ta farko ita ce yawan bayanai. Ƙasar da hukumarta ke yanke hukunci a kai a kai, kamar hukumar NBMA ta Najeriya da aka kafa a 2015, wadda ta bi ta kan auduga, wake da masarar TELA, tana da dalilin tunanin haɗa rumbunta da na Montreal ta API. Ƙasar da bayananta ba su wuce doka, ƙa'idoji, sunayen hukumomi da rahoton ƙasa ba, shiga kai tsaye ya ishe ta. Nijar, wadda ta samar da dokarta kan wannan fanni a 2019, da sauran ƙasashen da ba su saki irin OGM ga manoma ba, sun fi kusa da wannan rukuni.

Tambaya ta biyu ita ce wa zai riƙe shafin bayan kuɗin shiri sun ƙare. Adireshin intanet ana sabunta kuɗinsa duk shekara, saba tana son wuta da sanyi, manhaja tana son a riƙa toshe ƙofofin kutse. Idan babu waɗannan a kasafin ma'aikata, shafin da ke zaune a sabar sakatariya ya fi aminci.

Tambaya ta uku ita ce harshe. Babban dandali ba ya jin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci ko Barbarci. Sashe na 23 ya ɗora wa ƙasashe wayar da kan jama'a da sanar da su yadda za su kai ga rumbun, kuma a nan ne shafin ƙasa ke da amfanin da babu kamarsa. Ƙoƙarin da za a kashe wajen gina rumbu na biyu gara a kashe shi wajen fassara hukunci zuwa harshen manomi, da shirya shi yadda gidan rediyon karkara zai iya karantawa.

Tambaya ta huɗu ita ce ikon ƙasa kan bayananta. Wasu jami'ai na ɗari-ɗari da ajiye komai a wata ƙasa. Abin lura shi ne bayanan da ake sakawa a BCH na jama'a ne tun asali, ƙasa ce ke da ikon gyara su ko janye su. Takardun sirri na masu neman izini kuwa a ofishin hukuma suke zama.

Abin da manhaja ba ta gyarawa

Mafi yawan giɓin da ake gani a irin wannan rumbu daga ofis yake tasowa. Ana canza wa wakilin ƙasa wurin aiki ba a sanar da sakatariya ba, sai kalmar sirri ta tafi da shi. Ma'aikatar noma ta yanke hukunci, wakilin yana ma'aikatar muhalli, takarda ba ta kai gare shi cikin kwana 15 ba. Ana wallafa hukunci ba a haɗa shi da binciken haɗari ko lambar shaida ba, sai mai bincike ya kasa gano nau'in da ake nufi.

Maganin waɗannan ba ya buƙatar sabuwar na'ura: adireshin imel na hukuma maimakon na mutum, ma'aikaci mai izini a kowace ma'aikatar da abin ya shafa, rubutacciyar ƙa'ida cewa ba a rufe fayil sai an wallafa, da ranar da aka keɓe duk shekara don bin bayanan ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Yadda mai karatu zai duba da kansa

A buɗe bch.cbd.int, a zaɓi Faransanci ko Larabci idan an fi so, a shiga shafin ƙasa. A nan za a ga sunan hukumar da ke da alhaki, dokoki, hukunce-hukunce da ranar da aka wallafa kowanne. Wanda ke da lambar shaida daga buhun iri ko takardar shigo da kaya yana iya saka ta a gurbin bincike, ya ga ƙasashen da suka yanke hukunci a kai da abin da suka yarda a yi da shi, shuka ne, ci ne, ko gwaji kawai.

Abu ɗaya za a kiyaye: rumbun yana nuna abin da ƙasashe suka shigar ne kawai. Rashin ganin bayani ba hujja ba ce cewa ba a yanke hukunci ba, ko cewa irin bai shigo kasuwa ba. Idan gurbi ya kasance fanko, sunan wakilin ƙasar da adireshin ofishinsa suna nan a shafin, kuma ɗan jarida, ɗan majalisa ko shugaban ƙungiyar manoma yana da damar ya tambaye shi dalili.